Ki kawo su fada, amma da gaisuwa za su fara

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso ni tun ranar Talata, jinkirin amsa kuwa laifin idanu ne, sun fara yi mini gardama in magariba ta yi. Na ji kin ce za ku taho gida hutun lakwal na ƙarshen shekara, ke da yaran uku, kuma kina son ki kai su fada da cikin Birni su ga tushensu, amma surukarki ta ce fada ba wurin kallon yara ba ce. Kin tambayi me al'ada ta ce, me za su yi a can don kada su ƙosa, da maganar hoto da ta tukwici.

Surukarki ba ta faɗi ƙarya ba, kada ki ja da ita. Kalma ɗaya ce ta raba ku, wato kallo. Ke kin saba da gidan tarihi na Yamai, inda ake biyan kuɗi a ƙofa, a shiga a ga zaki da kura da tufafin mutanen da, a fito a sha lemo. Fadar Damagaram gidan mutum ce mai rai. Sarki na ciki, iyalinsa na ciki, ana sulhunta masu rigimar gona da ta aure a zaurukanta, ana naɗa rawani. Wanda ya shiga gidan mutum yana leƙe-leƙe ba sallama, ai ba baƙo ba ne. Amma yaro ya bi babbansa zuwa gaisuwa, wannan tun muna 'yan bante haka muka taso. Ni kaina a bayan kakanki na fara taka ƙofar fada, riƙe da takalminsa a hannu, ina jin kamar an ba ni sarauta. Saboda haka ki ce wa surukarki gaisuwa za ki kai su, kuma ki tabbata gaisuwar ce za a yi da gaske.

Aikin daga gida zai fara, tun kuna Yamai. Ki koya musu durƙuso. Ban ce irin wanda yaran yanzu ke yi ba, su ɗan lanƙwasa gwiwa ɗaya kamar an taka musu ƙafa. Namijin ya tsuguna ya dunƙule hannun dama ya yi jinjina, ya ce ranka ya daɗe, ko Allah ya ja zamanin Sarki. Macen ta durƙusa, kanta a rufe, ta sunkuyar da ido. Takalmi kuma tun daga inda suka ga manya na cirewa. Ki faɗa musu kada su miƙa wa babba hannu sai in shi ya fara miƙowa, kada su karɓi komai da hagu, kada su ƙetare ƙafar wanda ke zaune. Ki mai da abin wasa: ke ce Sarki, babban ya zama dogari, ƙannen su zo faɗuwa, sa'an nan a juya. Kwana uku suna yi zai zauna musu. Abu ɗaya da za ki gargaɗe su a kai, in Allah ya sa aka samu Sarki a zaune, kada su yi zaton ya ƙyale su ne don bai amsa da bakinsa ba. Fadawa ne ke amsawa, su ce Sarki ya gaishe ku. Na taɓa ganin wata yarinya ta fito tana hawaye wai Sarki ba ya sonta.

In mun isa, ni zan yi magana da dogarai, ke ki tsaya baya da yaran. Su ne masu jajayen riguna da kore, kuma duk abin da suka ce shi ne. Inda suka nuna a shiga a shiga, inda suka tsaya a tsaya, cikin gida kuwa ba hurumin kowa ba ne. Tukwici ba shi da farashi, ba kuɗin ƙofa ba ne. Jikka ɗaya ko biyu a naɗe, a ba wanda ya zagaya da mu, a haɗa da godiya. Ki sa babban ya miƙa da hannu biyu, ya koya. Kada ki ƙirga kuɗi a gaban mutum, kada ki tambaye shi nawa ne. In da hali mu daidaita zuwanmu da Juma'a, don su ji algaita da kakaki su ga dawaki. Yaron da ya ji kakaki ya ratsa cikinsa sau ɗaya ba ya bukatar a yi masa bayanin mene ne sarauta.

Tarihi kuma kada ki zuba musu shi kamar mushe, malamin lakwal, a gaban allo. Ki bari ƙafa ta kai su wurin, sai bakin ya biyo. Ku ma za ku fara tun a hanya. Bayan kun shafe kusan kilomita 900, gab da shigowa gari za ku wuce Tirmini. Ki tashe su in suna barci, ki ce nan ne Sarki Amadu Kuran Daga ya tari sojan Faransa a 1899, bindiga ta rinjayi doki, daga nan ƙasar ta faɗa hannun Nasara. Babban zai tambaya me ya kawo faɗan. Ki ce masa shekara guda kafin nan, a 1898, an kashe wani kyaftin ɗinsu mai suna Cazemajou a nan garin, shi ya sa da suka gina barikinsu a kan dutse suka sa masa sunansa. Yau barikin sunan Sarki Tanimun yake amsawa. Wurin soja ne, a nuna musu daga nesa kawai, kuma kowa ya mai da wayarsa aljihu.

Tanimun ɗin nan shi za su fi jin sunansa. Ya yi wajen shekara 30 kan gado, ya rasu a 1884, kuma a zamaninsa ne Damagaram ta kai ƙarfinta: ya ɗaukaka ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin garin nan, ayarin raƙuma na tahowa daga Tarabulus da Agadas su sauka a Zango. Sarautar kuwa asalinta daga Barno take, shi ya sa za su ji ana kiran Ciroma da Galadima da Kaigama. Zan kai su inda guntun ganuwa ya rage. Aikin da zan ba su a can shi ne su auna kaurinta da taƙi, kowa da ɗan hannunsa, su faɗa mini nawa suka samu. Sa'an nan in tambaye su kwando nawa na ƙasa suke jin aka ɗauko, kuma a kan wa. A nan ne nake son ki bar ni da babban. Shekara 12 ta isa ya ji cewa ba sadaka aka yi ginin nan da ita ba, akwai bayi a ciki, kuma cikin kayan da ayari ke tafiya da su arewa har da mutane. Mu an ɓoye mana wannan sai da muka girma muka ji a bakin wasu, abin ya fi zafi. Hawa ganuwa dai babu. Damina ta ci rabonta, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, abin da ya rage ba zai ɗauki ƙafar jikokina ba.

Cikin lungunan Birni ne amaryata za ta more, tunda kin ce tana son zane. Ki saya mata littafi da fensir. Tsofaffin gidajen nan na tubali da yaɓe suna da zane a fuskar zaure, wani a kumbure, wani da launi, ga zankwaye a kan soro kamar kunnen zomo, ga indararo na zubar da ruwan sama. Ta zaɓi ƙofa uku ta zauna a inuwa ta kwafe su. Maza biyun su yi gasar ƙirga zanko. In mun yi sa'a muka tarar da magini na aiki, zan roƙe shi ya bar su su cura tubali ɗaya da hannunsu, su ga yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a ɗora. Akwai kuma gidan da ake nunawa a ce nan Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852. Tun 2006 an sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da Nijar ke neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, amma ki zo ki ga yadda siminti da kwano ke cinye unguwar gida bayan gida. Ban ga laifin mai gida ba, yaɓen kowace shekara kuɗi ne.

Maganar hoto, bango ba ya hana, mutum ne ke hanawa. A tambaya tukuna. In ƙofar zaure na buɗe ba a ɗaga waya a saitinta, don bayan zauren nan matan aure ne ke harkarsu. Shekarun baya na raka wani ɗan abokina da ya zo daga waje, kafin in ankara ya ɗauki wata tsohuwa tana tankaɗe a ƙofar gidanta. Ba ta yi faɗa ba, ta dube ni ne kawai ta ce, Malam, kai ma? Har yau in na bi ta lungun nan sai na sauya hanya. A fada kuma sai abin da dogari ya yarda.

Yanzu ga wanda na fi so, kuma lokacin zuwanku ya dace da shi, don an gama girbi kara ya bushe. Kin san garin nan da wasan kara aka san shi. Samari su naɗa nasu sarki da nasu gwamna da nasu kumandan, su ƙera tabarau da bindiga da na'urar ɗaukar hoto duk da karan hatsi, su fito suna kwaikwayon manya, tafiyarsu da tarinsu da yadda suke gyara rawani, manyan kuma na zaune suna dariya, ba mai fushi. Ina lakwal na taɓa yin tabarau na kara na rataya, na ɗauki tafiyar mushenmu, hannu a baya, ciki a gaba. Ashe yana tsaye bayan taga. Na sha bulala biyar, amma da aka tashi wasa a unguwa ni aka ba kumandan, shi kuma ya zo kallo har da yi mini saluti. To ki bar mini yaran yini guda. Zan sa a kawo damin kara daga gona, mu zauna a zaure, in nuna musu yadda ake ɓare bawon a hankali don yana yanka yatsa, a yi amfani da ɓargon ciki mai laushi a soka, a haɗa mota da gado da jirgi. Bayan sun dawo daga fada sai su yi mana tasu fadar a tsakar gida, auta ya zama Sarki, a naɗa masa ɗankwalinki. A nan za ki gane abin da idonsu ya kama wanda naki bai kama ba.

Sauran wuraren ba sai na tsawaita ba. Majema su je da safe, su ga yadda bagaruwa da toka ke mai da fata abin ɗinki, amma ki gaya musu wanda ya toshe hanci a gaban masu sana'a ya zage su. Daga nan wurin dukawa, kowa a yanka masa ɗan zabira. Kasuwar Dole ranar Alhamis take cika, ki riƙe hannun auta gam, ki ba manyan dala ashirin-ashirin su yi cinikin goriba da magarya da bakinsu, da Hausa. Alkaki kuwa ni zan saya, na san wurin mai kyau. In kwana ya rage mu leƙa Mirya, ba ta kai kilomita 20 ba, su ga masu ginin tukwane da lambuna da manyan kukoki.

Kin ambaci hawan ƙaho. Wannan na lokacin Sallah ne, ba za ku same shi ba a wannan zuwan, kuma ko kun zo da Sallah ban yarda a kutsa da ƙananan yara cikin taron ba. Sa ne mai fushi a ɗaure da igiya, mahauta na faɗa masa a ka, in ya fizge taro ne ke watsewa a kan na ƙasa. Babban zai iya kallo daga kan soro tare da ni. Hawan Sallah ma haka, daga gefe, nesa da kofaton doki.

Ki shirya fita tun da hantsi, mu dawo kafin azahar. Ko da ɗari ake yi, ranar garin nan ba ta da amana, ga ƙurar hunturu, don haka ki taho da rigunan sanyi da man kaɗe saboda kaushi. Kowa da gorar ruwansa, kin san halinmu da ruwa. Kada ki ce za a gama komai rana ɗaya, wuri ɗaya ya isa yini, auta kuma in ya fara rigima a mai da shi wurin innarki, ba dole. Tatsuniya sai dare, bayan isha'i, innarki ta riga ta fara tuno nata, har tana gwada mini kacici-kacicin shanu dubu maɗaurinsu ɗaya wai ko na manta. Wayoyinsu za su kwana cikin akwatina, ki faɗa musu tun yanzu kada su ce Kaka ya yi musu ba-zata.

Ki ɗinka wa mazan riga da hula, amaryata kuma zane da kallabi, ba sai masu tsada ba. Ki sanar da ni ranar da za ku taso da motar da za ku shigo, in aiko a tarye ku a tasha. Ki gaida maigidanki, ki gaida surukarki da kyau, ki ce mata in tana da ƙarfin tafiya ta biyo ku, akwai ɗaki.

Kawunki.