Daga Garaji: An ɗaga mota, an sa manyan tayoyi, ƙarfi ya gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux tsohon yayi mai injin gazuwal 2.8, ina jigilar mutane da kaya tsakanin Dakoro da Bermo ranakun kasuwa. Da na ga cikinta na yawan kwanciya a rairayi, sai na sa aka ƙara mata lam (ƙarafan sifirin) aka ɗaga ta, na cire tayoyinta 205R16 na sa 285/75R16. Tun daga nan ta zama raguwa: giya ta biyar ba ta ja, ambiriyaj na wari in na yi lodi, mai kuma ya ƙaru. Makanikena ya ce in sayo pon na Land Cruiser, gaba da baya. In saya? Daga wani Alhaji a Dakoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Pon ɗinka, wato dogon ƙarfen ƙasan mota da ke riƙe da tayoyi biyu yana juya su, lafiyarsa lau, lissafin haƙoran da ke cikinsa ne tayoyin suka ɓata.

A cikin tulun pon akwai ƙarafa biyu masu haƙora: ƙaramin da kardan (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa pon) ke juyawa, wanda makanikai ke kira pinyon, da babban faifan nan, kuron. In kuron na da haƙora 43, pinyon na da 10, to kardan zai juya sau 4.3 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan ne ake nufi in an ce lambar pon 4.30 ce. Toyota ta zaɓi lambar ne daidai da tsawon tayar da motar ta zo da ita. Taka ta asali tsawonta wajen inci 29 ne, sabuwar kuma ta kusa 33. Yanzu kowane zagaye yana cin ƙasa fiye da da, kusan kashi 14 cikin 100, injin kuwa shi ne dai na jiya. Kamar ka ɗora wa jaki amalanken shanu ne. Har agogon gudunka ma ya fara yi maka ƙarya: in ya nuna 80, kana wajen 91, sai ka kiyaye a kan kwalta.

Maganin shi ne a canza kuron da pinyon, kuma lissafin ba shi da wuya. Ka ninka tsohuwar lamba da tsawon sabuwar taya, ka raba da tsawon tsohuwa. In taka 4.30 ce: 4.30 sau 33, raba 29, ya ba da 4.89. Akwai 4.88, mai haƙora 39 da 8, ita ce taka. Amma Hilux na wancan zamani ba duka suka zo da lamba ɗaya ba, akwai 4.56, akwai ma masu 4.88 tun daga kamfani, don haka a fara ƙirga naka kafin a tura saƙo Kano ko Kwatano. In ka tarar 4.56 ce, tunda kai mai lodi ne, 5.29 za ka nema. Sai dai pinyon ɗinta haƙora 7 ne kacal, ba ya son direba mai fizgar ambiriyaj.

Pon na Land Cruiser kuwa, ba shakka ya fi ƙarfi: kuron ɗinsa na baya inci 9.5 ne, na Hilux inci 8. Amma ba cirewa a ɗaura ba ne. Tulunsa na baya ya karkata gefe ɗaya, na Hilux a tsakiya yake, ke nan kardan zai yi aiki a gicciye. Mazaunin lam sai an yanke an sake walda. Sai birki, sai sitiyari. In kuma na samfurin 79 aka kawo maka, wanda ya fara fitowa a 1999, ƙusoshin tayarsa 5 ne, naka 6, rim ɗinka duka sun tashi aiki. Bayan duk wannan wahala, lambar da za ka tarar a ciki yawanci 4.11 ce ko 4.30, wato ragwancin na nan inda ka bar shi. Wanda ke karya sandar pon duk wata shi ne mai buƙatar babban pon. Kai ba ka ce ka taɓa karya ko ɗaya ba.

Ga wani abu da mutanenmu ba sa son ji. Ƙarin lam jikin mota yake ɗagawa, tulun pon na nan ƙasa. Tayoyin ne suka ɗaga shi, shi ma da inci 2 kawai, rabin abin da suka ƙaru. A rairayin arewacin Dakoro, rage iskar taya ya fi wannan inci 2 aiki. Da ni ne, kafin in kashe ko dala, zan gwada 7.50R16 ko wata taya mai inci 31 in ga yadda za ta ja.

Tambaya: Malam, pon ɗina na baya ya lalace, na sayo na hannu aka sa. A kan kwaltar Tasawa lafiya lau. Amma ran da na sa kat-kat (jan taya huɗu) a gulbi wajen Madarunfa, motar ta riƙa tirjewa tana tsalle, sandar kat-kat ɗin kuma ta ƙi fita sai da na yi baya. Daga wani direba a Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, gabanka da bayanka ba lamba ɗaya suke ba. Muddin kat-kat na kashe, ba ruwan wani da wani. Da ka sa shi, buwat, wato akwatin giyar kat-kat, ta haɗe kardan biyu suna juyi ɗaya, tayoyin gaba na son wani gudu, na baya na son wani. Allah ya taimake ka a yashi ne, inda taya ke iya sulɓewa. A ƙasa mai tauri da tuni wani abu ya fashe.

Ga yadda za ka gane ba tare da kwance komai ba. Ka toshe tayoyi, ka sa giya a firi, ka ɗaga taya ɗaya da jak. Yi alama da alli a jikin tayar da jikin kardan. Juya tayar zagaye biyu cif, yaro na ƙirga juyin kardan. Huɗu da ɗan ɗigo 4.10 ce, huɗu da kusan sulusi 4.30, huɗu da rabi da ɗoriya 4.56. Ka kulle makullan cibiyar tayoyin gaba ka maimaita a can. Tsakanin 4.10 da 4.11 ba matsala, fiye da haka dole a daidaita. In tsohon pon ɗinka na nan kuma haƙoransa ba su ci ba, a mayar da kuron da pinyon ɗinsa tare, don ba a raba su. Ka ba wanda ya san aikin, mai shafa fenti a haƙora ya duba inda suke haɗuwa, ba mai ɗaurewa da ido ba. In sababbi aka sa, ka bi su a hankali, ka zubar da mansu bayan kilomita 800, ka sa mai lamba GL-5.

Tambaya: Tun da aka ɗaga motata take kakkarwa daga gudun 60 zuwa sama. Taya ce? Daga wata Hajiya a Gidan Runji.

Amsa: Hajiya, a fara duba balas ɗin taya tunda shi ne mai araha. In ba shi ba ne, kardan ne: ɗagawar ta sa ya miƙe a karkace, kurwaziyonsa, wato mahaɗansa, na wahala. A canza su in sun yi lako-lako, a sa ɗan ƙarfe mai gangare tsakanin lam da pon ya gyara kusurwar. Ki kuma sa a duba tiyon birki na baya, kada ya zama a ɗame yake tun ranar da aka ɗaga motar.