Sansanin Dogon Hutu Domin Marayu da Yara Masu Buƙata ta Musamman: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya. Ni da wasu abokan aikina da 'yan ɗaliban jami'a, mu goma sha biyu, muna son shirya sansani a dogon hutu mai zuwa domin marayun unguwarmu da yara masu buƙata ta musamman, kamar yadda muke jin ana yi a ƙasashen waje. Niyyarmu mu ɗauki yara ɗari su kwana mako biyu a wata makaranta da aka ba mu aro, kuma dukanmu aikin sa-kai za mu yi. Yaya irin wannan sansani yake gudana a inda aka saba yin sa, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya. Shawarata ta farko ita ce ku rage yawan yaran zuwa abin da bai wuce talatin ba, kuma a wannan shekara ku bar maganar kwana, yara su zo da safe su koma gida bayan la'asar, na tsawon mako ɗaya. Na san wannan zai yi muku kamar an rage wa aikin armashi, amma zan bayyana miki dalilaina, kuma yawancinsu daga tarihin aikin kansa na samo su.

Al'adar fitar da 'ya'yan talakawa daga birni lokacin hutu ta soma ne a Turai da Amurka kusan lokaci guda. A 1876 wani limamin coci na birnin Zurik a Siwizalan, Hermann Walter Bion, ya kai yara 68 yankin duwatsun Appenzell domin su sha iska su ci abinci mai kyau. Bayan shekara ɗaya, a 1877, wani limamin cocin mai suna Willard Parsons ya roƙi mabiyansa a wani ƙauyen jihar Pennsylvania su karɓi yaran unguwannin talakawan New York a gidajensu, abin da ya zama asusun Fresh Air Fund da yake aiki har yau. Lafiyar jiki ce damuwar mutanen wancan zamani, saboda cunkoso da tarin fuka da suka addabi birane.

Wanda ya fi kama da abin da kuke shirin yi shi ne sansanin da Eunice Kennedy Shriver ta buɗe a 1962. 'Yar'uwar shugaban Amurka John F. Kennedy ce, kuma yayarta Rosemary tana da lalurar ƙwaƙwalwa, saboda haka ta san yadda ake rufe wa irin waɗannan yara ƙofa a wuraren wasa. Duk da dukiyar gidansu, ba ta gina komai ba a farko. A filin gidanta da ke jihar Maryland ta tara yaran, da rana kawai, ta nemo ɗaliban sakandare da na kwaleji su zama masu kula da su, kusan kowane yaro da nasa, aka koya musu iyo da hawan doki da wasan ƙwallo. Shekara shida bayan nan, a watan Yulin 1968, wannan aiki nata ya kai ga gasar Special Olympics ta farko, wato gasar wasanni ta masu lalurar ƙwaƙwalwa, a birnin Chicago da 'yan wasa kimanin dubu. Abin lura a nan shi ne ƙarfin wannan sansani yana cikin yawan hannayen da suke kan kowane yaro, kuma wannan ne abu na farko da shirinku ya rasa.

Ki duba lissafin da kanki. A Faransa, inda doka ta tsara sansanonin hutu, ana buƙatar babba ɗaya ga yara takwas 'yan ƙasa da shekara shida, ko ɗaya ga goma sha biyu idan sun kai shida zuwa sama, kuma wannan ƙididdiga ta yaran da suke iya yi wa kansu komai ce. Yaron da sai an ɗaga shi zuwa bayan gida, ko an ba shi abinci a baki, ko wanda yake iya ficewa daga taro ba tare da ya ce komai ba, yana buƙatar mutum guda da ba shi da wani aiki sai shi. Ku goma sha biyu ne. Idan an cire mai kula da girki, da mai kula da lafiya, da shugaban da zai riƙa karɓar iyaye da baƙi, saura tara. Idan yara biyar suka ɗauke mutum biyar, huɗu ne za su rage wa sauran. Da dare kuwa dole wasu su kwana ido biyu a ɓangaren maza da na mata, sannan gari ya waye su ci gaba da aiki, kuma ba a kwana uku a haka sai gajiya ta fara haifar da tsawa da sakaci. Ga kuma halin tsaro da ya sa iyaye da yawa a arewa ba sa sakin jiki da kwanan 'ya'yansu a makaranta, kuma suna da hujja.

Game da masu aikin kansu, kyakkyawar niyya ba ta koya wa mutum yadda ake ɗaga yaro daga keken guragu ba tare da an ji masa ciwo ba. Faransawa suna da takardar shaidar kula da yara a sansani da ake kira BAFA, wadda matashi yake samu bayan kwana takwas na darasi, da kwana goma sha huɗu na gwaji a sansani, da wasu kwana shida na ƙarin horo. Ba lallai ku kai haka ba, amma kada ku buɗe ƙofa sai kun yi aƙalla kwana uku kuna koyo, da malamin ilimi na musamman da ma'aikaciyar jinya. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman, kuma ɗalibansu da suke gida hutu sun fi kowa dacewa da wannan aiki. Haka ma 'yan agaji da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo yankinku. Kowane mai sa-kai ya yi alkawarin kwanakin da zai zo a rubuce, domin na sha ganin yadda yaro yake shaƙuwa da mutum a kwana biyu, a rana ta uku ya tsaya bakin ƙofa yana jiran wanda ba zai dawo ba.

Ina kuma roƙonku da ku sa manya masu naƙasa cikin masu gudanarwa, a ba su aiki na gaske. Kurma babba da ya iya maganar hannu zai yi wa yara kurame abin da duk cikinku babu mai iyawa, makaho da ya yi karatu da rubutun makafi kuma shi ne hujjar da uwa take buƙatar gani kafin ta yarda ɗanta yana da makoma ban da bara. Judith Heumann, wadda shan inna ya sa ta zama a keke tun tana ƙarama, ta halarci sansanin Jened na matasa masu naƙasa a jihar New York, daga baya ta yi aikin kula da yara a can, kuma ita ce ta kasance cikin jagororin zaman dirshan na 1977 a San Francisco da ya tilasta wa gwamnatin Amurka aiwatar da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. A sansanin ne ita da abokanta suka fara zama wuri ɗaya suna tattauna halin da suke ciki ba tare da wani ya yi magana a madadinsu ba. Ki tuntuɓi reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa a jiharku, da sarkin makafi da sarkin guragu na garinku, tun kafin ku rubuta jadawali.

Sai lafiya, wadda a nan ƙasar ta fi nauyi domin dogon hutunmu yana faɗowa tsakiyar damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa. Sansanin da ɗan fim Paul Newman ya kafa a jihar Connecticut a 1988 domin yara masu tsananin rashin lafiya kyauta yake karɓar su, amma da likitoci da ɗakin jinya a cikinsa. Ku naku mafi ƙarancin abin da za ku tanada shi ne ma'aikaciyar jinya kullum, da takardar kowane yaro mai ɗauke da lalurarsa da maganin da yake sha da lambar wayar iyayensa, da abin hawa da aka san zai kai mara lafiya asibiti. Kowa a cikinku ya san cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko yawu. Idan ta tashi a kawar da abin da zai ji wa yaron ciwo, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe, idan ta wuce minti biyar a tafi asibiti. Mai sikila yana buƙatar shan ruwa da yawa, kada ruwan sama ya jiƙa shi, kada a bar shi ya wuce ƙarfinsa a guje-guje. Zabiya kuma ya samu hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da inuwa, a zaunar da shi gaba saboda raunin gani. Ruwan sha ya zama tafasasshe ko mai tsabtar da aka tabbatar, da sabulu a bakin bayan gida.

Makarantar da aka ba ku aro, ki je ki zagaye ta tare da mai amfani da keken guragu, ki fara da bayan gida. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, amma makarantu da yawa suna nan yadda suke. Kafinta zai iya yi muku gangaren katako, sai dai a kula da tsayinsa: kowace santimita goma na tudu tana son kimanin mita ɗaya da santimita ashirin na gangare. Masai na tsuguno kuma a ɗora masa kujera mai huda da abin riƙewa.

Akwai ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ko da wane ne: kada babba ya keɓe da yaro inda ido ba ya ganinsu, kuma mace ce take taimaka wa yarinya wajen tsarki da sauya tufafi, da wata mace a kusa. Yaron da ba ya iya magana shi ya fi kowa shiga haɗarin cin zarafi, domin mai mugun nufi ya san ba zai iya ba da labari ba. Iyaye ko masu riƙo su sa hannu a takardar amincewa, a sanar da mai unguwa da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Hoto kuma kada a ɗauka a watsa a Facebook sai da izini. Idan mai ba da gudummawa ya sharɗanta a jera marayu suna riƙe da buhun shinkafa a ɗauke su, ku ba shi rasit da bayanin yadda aka kashe kuɗinsa a maimakon haka.

Jadawalin yini kada ya zama wata makarantar. Yawancin waɗannan yara abin da suka rasa shi ne wasa da tsaransu, saboda haka ku haɗa su rukuni-rukuni, mai gani da makaho, mai ji da kurma, a wasannin da kowa yake da rawar da zai taka: dara, tatsuniya, ginin yumɓu, ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, shuka a gwangwani. A bar yaro ya zaɓi iyakar abin da zai gwada, a ƙarfafa masa gwiwa ba tare da tilas ba. Kuɗin da kuka yi niyyar kashewa kan katifu da abincin dare ku mayar da shi kan karin kumallo da abincin rana masu gina jiki, da hayar Keke Napep da zai ɗauko yaran daga gida, domin sufuri ne yake hana yawancin iyaye kawo ɗa mai naƙasa. A ranar ƙarshe ku gayyaci iyaye, ku rubuta sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta, kowane mai sa-kai ya ɗauki biyu ko uku da zai bi maganar shigarsu idan an koma karatu a watan Satumba. Idan mako ɗaya na wuni ya tafi lafiya, a hutun Disamba sai ku zauna da iyayen ku duba ko za a ƙara kwanaki.