Kada wasiƙun nan su bar hannunki, 'yar'uwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun da na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce kuna gyaran ɗakin marigayi mahaifinku kuka tarar da wasiƙun da ya riƙa aikowa gida daga bakin daga lokacin yaƙin basasar Najeriya, da wani ɗan littafi da yake rubutu a ciki, rabi ajami rabi boko, takardun duk sun fara marmashewa. Wasu a gida suna cewa a ƙona saboda akwai sunan Allah a jiki, wani kuma ya ce ki ba shi zai rubuta littafi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Wallahi kamar gidanmu kika leƙa kika yi rubutun nan.

Kafin komai: kada ki ba shi. Ko wane ne shi, ko da rawani ya zo ko da kwat, ko ɗan'uwa ne na jini, kada takarda ɗaya ta kwana a wajen gidanku. In da gaske yake, ya zo ya zauna a gabanki ya ɗauki hoto ya tafi.

Babanmu ya shiga soja a 1967, bayan an fara yaƙin a watan Yuli, lokacin da ake ta ɗibar samari. Horon 'yan makonni aka yi musu a Zariya, aka tura shi runduna ta biyu, ta Murtala. Su ne suka bi ta Binin suka isa Asaba a watan Oktoba, suka yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara da jiragen ruwa zuwa Anaca, tunda an fasa gada, ana ta hallaka su a tsakiyar ruwa. Sai da suka zagaya ta Idah kafin Anaca ta faɗo a watan Maris na 1968. A ƙarshen watan nan ne aka yi wa jerin motocinsu kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama da wuta, motocin suka bi ta suna ci. Baba yana wurin. Tabon ƙuna ne tun daga kafaɗarsa ta hagu har wuya, da shi aka binne shi. Bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin ba. In yara sun dame shi sai ya ce a bar kaza cikin gashinta, ya ɗauki butarsa ya fita.

Amma ya rubuta. Littafin 'yan makaranta ne mai shuɗin bango, da fensir, gumi ya ci gefensa, kusurwa ɗaya ta babbake. Ajami ne duka, don shi almajiri ne. Wasiƙun kuma hannu biyu ne: na ajami nasa ne, na boko wani kofur ne yake rubuta musu a bataliya, shi ya sa za ki ga kalaman kusan iri ɗaya, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ki duba naku, ina jin haka za ki tarar. Na ajamin su ne bakinsa.

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba wani mutum ya zo, surukin dangi ne, mai karatun boko mai zurfi, ana ji da shi. Ya tsuguna har ƙasa ya gaida Inna, ya yi ta yabon marigayi, ya ce zunubi ne a bar tarihin irin waɗannan bayin Allah ya ɓace, shi bincike yake yi, a ba shi littafin da wasiƙun ya yi kwafi, sati biyu ya dawo da su. Inna tana cikin takaba. Da hannunta ta buɗe adaka ta ɗauko su a naɗe cikin tsohon ɗankwali ta miƙa masa, tana sa masa albarka. Sati biyu ya zama wata, wata ya zama shekara. In an haɗu a wurin suna ko biki ya ce suna nan lafiya, aiki ne ya yi yawa. In an aika yaro a ce ba ya nan.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da na raka Inna gidansa. Ƙafarta na ciwo a lokacin, da ƙyar ta hau mota. Aka bar mu a falo tun bayan azahar har aka kira la'asar, ko ruwa ba a kawo mana ba. Da ya fito, waya na kunnensa, bai tsuguna ba wannan karon, daga tsaye ya gaishe ta. Inna ta ce ta zo karɓar takardun malam ne. Sai ya ce wai waɗanne takardu. Haka ya ce, 'yar'uwa, waɗanne takardu! Da na tuna masa, sai ya dafe goshi ya ce af, ai lokacin da suka tashi daga tsohon gida yara sun share ɗakin karatu, sun haɗa tsofaffin takardu da shara sun cinna wuta, a yi haƙuri, ai ba wani abu ba ne a ciki sosai, rubutun ma ba ya karantuwa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗi wai mu hau mota. Inna ba ta dubi kuɗin ba. Ta gyara mayafinta, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce masa Allah Ya saka da alheri. Sai da muka fito ƙofar gida ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ta zauna a kan dakali, ta ce min yau ne malam ya rasu. Har ta koma ga Allah, in aka ambaci sunan mutumin nan sai ta tashi daga wurin. Ni kuwa har yanzu ban yarda an ƙona su ba. Raina yana ba ni suna cikin wani kwali a wani wuri, ko ya ba wani. Yana nan da ransa, ana gayyatarsa taro yana magana a kan muhimmancin tarihi. Na yi ƙoƙarin yafe masa saboda Allah, zuciyata ta ƙi. Ba kuɗi ya ci mana ba, muryar ubanmu ya ɗauke. Jikokin Baba ba za su taɓa jin abin da ya gani a bakin kogin nan daga bakinsa ba.

To kin san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, shi ya sa nake ta nanata miki.

Abin da ya rage mana 'yan wasiƙu ne da Inna ta manta da su a ƙasan kwalla. Babu labarin yaƙi a cikinsu sosai. Tambaya yake ko gero ya yi kyau, ko an biya haraji, ga fam biyu a ba mahaifiyarsa ɗaya, a kai wa malam sadaka a yi masa addu'a. Yana kukan ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da garin rogo da ya ishe shi, yana marmarin tuwon dawa. A wata ta farkon 1968 ya ja kunne a gaya wa tsohuwarsa ta fito da takardun kuɗin da take ɓoyewa a tukunya a canza mata, don gwamnati ta sake kuɗi a watan Janairu saboda a kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Kin ga irin wannan ba za ki same shi a littafin janar-janar ba.

Masu cewa a ƙona, ki bi su a hankali, ba mugunta ba ce. Tsoronsu kada sunan Allah ya wulaƙanta. Ki nuna musu cewa wanda ya adana a wuri mai tsabta ya biya wannan buƙatar. In akwai babban da ake jin maganarsa a gidan, ki fara samunsa shi kaɗai.

Don Allah kada ki kai a yi musu laminatin. Zafi ne da gam, in an manne an manne ke nan har abada. Kada ki liƙa salatif a inda ya yage, bayan 'yan shekaru zai yi ja ya bar maiƙo ya ci rubutun. Ki cire duk wani fil ko kilif da ya yi tsatsa, da robar da aka ɗaure su da ita. Leda ma ba ta da kyau, tana riƙe laima da damina. Ki warware kowace a hankali da busasshen hannu, ba a lasar yatsa, ki shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu. Tawadar allo ko ɗigon ruwa ya taɓa ta ta tafi. Akwatin kuma kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, gara ba ta da imani. Maganin ƙwari a fesa a ɗaki, ba a kan takarda ba.

Hoto kuwa yau ɗin nan, ba gobe ba. Kusa da taga da rana, ba tare da fitilar waya ba, gaba da baya, har da ambulan, don hatimin gidan waya da lambar soja da sunan bataliya su ne za su gaya miki inda yake da lokacin. Ki tura wa 'yan'uwanki duka, ki sa a imel, waya ana sacewa.

In mahaifiyarku na da rai, ki ajiye komai ki zauna da ita. Ita ta san wane ne wane a cikin wasiƙun, ita ta san wace ce ta iso bayan an riga an ce ya mutu. Ki kunna rikoda a waya ki bar ta ta yi magana, ko ta yi kuka kada ki kashe. Karatun ajamin kuma ki nemi dattijon malamin allo, ya zo gida. Yaran yanzu da suka saba da bugun Madina sukan rikice, saboda a hannun da, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Sunayen garuruwa ma yadda kunne ya ji suke rubutawa, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Makurɗi, sai ki ajiye taswira a kusa. In kina son a amfana, akwai Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa duk a Kaduna. Ki je da ƙafarki, ki ba da kwafi, ki dawo da asalin a jakarki.

Abin yana ci min rai. Soja da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi ya kai wajen dubu 250 zuwa ranar 15 ga Janairu 1970, kuma ɗimbinsu 'ya'yan talakawan Arewa ne. Manyan hafsoshi sun yi littattafai da Turanci, mutanen ɓangaren Biyafara sun rubuta nasu da yawa, kuma sun kyauta. Kurtun da ya bar gona ya tafi fa? Sai dai ki gan su a tsufa, 'yan mazan jiya, da tsohon kaki a bakin ofis suna jiran fansho. Baba sai da ya yi gadi da tabon nan a wuyansa. Ga shi a baya an taɓa cire darasin tarihi a ƙananan makarantu na tsawon shekaru. Ɗana sai da ya tambaye ni wai Ojukwu ɗan wace ƙasa ne.

Ki shirya zuciyarki kafin a karanta miki littafin. Sau ɗaya wani kawunmu ya karanta mana wani sashe na namu kafin ya salwanta. Akwai yara masu kumburarren ciki da jan gashi da suke bin sojoji saboda abinci, ya ce ya kan ba su nasa ya kwana haka. Akwai kuma shafuka a kan Asaba, inda sojojin tarayya suka tara maza da samari na garin suka harbe su da ɗaruruwa a watan Oktoban 1967. Bai ce ya harba ba, bai ce bai harba ba, istigfari ne ya cika shafin. Kawu ya rufe littafin a nan ya ce ya isa. In kin tarar da irin wannan, kada ki yage shafin, kada kuma ki ɗora a intanet cikin zafin rai. Mutanen can su ma suna da iyayen da ba su dawo ba, da 'yan'uwan da aka kashe musu a garuruwanmu a 1966. Ki ajiye shi yadda ya rubuta, ki yi masa addu'a.

Sannan ina roƙonki alfarma. In kin duba ambulan kin ga runduna ta biyu ce, ko malam ya karanto miki Abagana ko Anaca, ki turo min saƙo ni kaɗai. Ko shafi ɗaya ne ina so in ji.