Muryar amsa kan tumatirin da ake ratayewa kai ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanwata, na saurari muryarki, na kuma ga hoton da kika turo, bokiti a rataye tumatir na leƙowa ta gindinsa. Kika ce wai da gaske ya fi na ƙasa 'ya'ya? Ni dai a fahimtata ba wannan ne damuwarki ba. Wuri ne ba ki da shi sai 'yar barandar nan, kuma kin gaji da wanda kika shuka bara da ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. To a kan wannan zan amsa miki.

Yana yi. Na yi shi da hannuna shekara biyu a jere. Amma maganar ya fi na ƙasa 'ya'ya, a'a, wanda ya gaya miki hoto kawai ya gani. Abin nan tashe ya yi a Amurka, wata jaka ce mai suna Topsy Turvy aka yi ta tallarta a talabijin, daga baya mutane suka ga ai bokiti ma zai yi aikin. Amfaninsa na gaskiya shi ne ba sai kin kafa masa sanda ba, ba ciyawa, 'ya'yan ba sa taɓa ƙasa, iska kuma na ratsa ganyen. Shi ke nan fa.

Bokiti mai cin lita 20 za ki nema, fari ya fi, baƙi yana dafa saiwa in rana ta take. Ki huda gindinsa, faɗin kamar santimita 5. Ki ɗauko ɗan dashe ƙarami, wanda bai wuce taƙi ɗaya ba, ki zura ganyen ta hudar a hankali, saiwar ta tsaya a ciki. Ki tsaga soso ki rungume karan da shi don kada ƙasa ta riƙa zubowa. Au, na manta, ki tsinke ganyen ƙasa-ƙasa ki bar rabin karan a cikin bokitin, shi tumatir duk inda ƙasa ta rufe karansa saiwa yake fitarwa. Sai ki cika da ƙasa marar nauyi, mai ruɓaɓɓen taki. Kuma iri, don Allah mai ƙananan 'ya'ya, irin masu kamar ƙwallon yara ɗin nan, ba manya ba.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to ki lissafa bokiti cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, zai iya haura kilo 20, ga kuma shukar da 'ya'yanta. Ni lokacin da na fara, wani maƙwabcina, ba zan kama suna ba, yana cikin masu jin komai sun iya, ya zo ya tsaya hannu a ƙugu ya ce wai me zan yi da ƙugiya, ƙusa inci shida ta isa, shi ya rataye abin da ya fi wannan. Na ce anya? Ya ce in bar masa. Shi da kansa ya hau kujera ya buga ta. Wata biyu ina ban ruwa safe da yamma, ya yi fure, ya ɗaura 'ya'ya, har na ƙirga talatin da wani abu, wasu sun fara ja. Ranar nan da asuba sai na ji tim! Na fito, bokiti ya dare gida biyu, karan ya karye daidai wuya, 'ya'ya sun watsu har ƙarƙashin kujera. Ƙusar ce ta zare da ɗan guntun katakon. Da na nuna masa, kin san me mutumin nan ya ce? Wai ruwa na cika masa. Ruwa! To da me ake noman tumatir, da toka? Har yau bai ce min sannu ba. Kwanan baya ma na ji yana ba wani shawarar yadda ake rataye... kai, bar shi kawai. Ƙugiya mai kauri wadda ake murɗawa cikin katako mai ƙwari, ko ƙarfen da aka kafa da siminti. Hannun bokitin ma kada ki yarda da shi, ki ƙara waya ko sarƙa.

Ina muka tsaya? Ruwa. Bokitin da ke rataye iska na dukansa ta ko'ina, yana bushewa da wuri. Kullum ne ban ruwa, in ana zafi sau biyu. In kika yi yau ki tsallake gobe, za ki ga gindin 'ya'yan ya yi baƙi ya lotsa. Mutane sai su ce cuta ce su kama fesa magani, alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba saboda ruwan yana yankewa. Ki zuba a hankali, in kika kwarara sai ya bi karan ya jiƙa ganye, ya kuma wanke takin ya fita da shi, don haka duk sati biyu ki ɗan ƙara taki na ruwa. Ki rufe saman da busasshiyar ciyawa.

Ɗazu na ce iska na ratsa ganye, to kada ki ɗauka ba cuta gaba ɗaya. Cutar da ke tasowa daga ƙasa ce take raguwa. Farin ƙuda da asun nan Tuta absoluta fiffike gare su, ba ruwansu da kai ƙasa ko kai sama, sai kin riƙa ɗaga ganye kina dubawa.

Wani abu kuma da hoton bai nuna miki ba, shukar ba ta yarda ta zauna kai ƙasa. Kwana kaɗan za ki ga ta lanƙwaso tana neman sama, ta yi kamar ƙugiya, kuma a wannan gwiwar take karyewa in iska ta kaɗa da nauyin 'ya'ya. Ga bokitin da kansa yana yi mata inuwa, ita kuwa tana son rana awa 6 zuwa 8. In barandarki rana ba ta shiga sai da yamma, gaskiya ki ajiye bokitin a ƙasa yadda Allah ya yi shi, ki kafa sanda, ya fi miki sauƙi. Ba wai ina hana ki ba ne. Ki gwada ɗaya a rataye ɗaya a ajiye, iri ɗaya, rana ɗaya, ki gani da idonki.

Ki ɗauko min hoton rufin barandar tukuna, daidai inda kike son ratayewa, in ga katako ne ko siminti. Kada ki buga komai sai na gani.