Tambaya da Amsa: Android Studio da Flutter Sun Ƙi Zama a Kwamfutata

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: matasa masu son koyon gina manhajar waya, amma kayan aikin, wato Android Studio da Flutter, sun ƙi hawa kwamfuta. Roƙona ɗaya kafin mu shiga. In za ku aiko da tambaya, ku kwafo ainihin rubutun da kwamfutar ta nuna muku. Wanda ya rubuto "Malam, ta ƙi yi" ya sani ni ba ɗan duba ba ne.

Tambaya: Malam, na sauke Flutter na warware shi a Desktop. In na rubuta flutter doctor, umarnin duba ko komai ya hau daidai, sai ta ce "flutter is not recognized". Abokina ya gyara mini wannan, sai kuma ga jajayen alamu a kan cmdline-tools da licenses da Visual Studio. (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ƙanena, ɗauke shi daga Desktop. Buɗe folda a C:\src ka zuba shi ciki, ka gyara Path, wato jerin foldojin da Windows ke neman umarni a ciki, ya nuna C:\src\flutter\bin, sannan ka rufe baƙar tagar umarni ka buɗe sabuwa, don tsohuwar ba ta san ka canza komai ba. Kada ka kai shi Program Files, can sai da izinin mai gida (administrator) ake rubutu. Na cmdline-tools kuwa, shiga SDK Manager, mai sauke kayan gina manhajar Android, a Android Studio, shafin SDK Tools, ka zaɓi Android SDK Command-line Tools. In ya gama sauka, rubuta flutter doctor --android-licenses ka yi ta danna y har ya ƙare. Visual Studio ba ruwanka da shi. Na masu gina manhajar Windows ne, kuma zai cinye maka gigabayit da yawa a banza. Ba dole ba ne sai kowane layi ya zama kore kafin ka fara aiki.

Tambaya: Saboda tsadar data, wani mai shago ya tura mini Android Studio "cikakke" a filashi, ya ce har SDK yana ciki, ba sai na taɓa intanet ba. Da na zo ɗorawa Windows Defender, mai gadin kwamfuta, ya goge wani fayil. Mai shagon ya ce in kashe Defender gaba ɗaya in sake gwadawa. Yaya ake kashe shi ya daina dawowa? (Mai koyo daga Kano)

Amsa: Ba zan gaya maka ba, ɗan'uwa, kuma ina roƙonka kada ka je neman wanda zai gaya maka. Zauna mu yi magana, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Android Studio kyauta ne. Tun da Google ya fitar da cikakkiyar siga ta farko a Disambar 2014 ba a taɓa sayar da shi ba, ba shi da lambar buɗewa, ba shi da wani ƙulli da za a fasa. Saboda haka in wani ya kawo maka "na musamman" ko "cikakke" ko "wanda aka buɗe", tambayar farko ita ce: me ya ƙara a ciki, kuma don me? Ainihin fayil ɗin da ke developer.android.com ba ya buƙatar a kashe mai gadin kwamfuta kafin ya hau. In Defender ya yi kuka a kan naka, to akwai abin da ya gani, kuma ya fi mai shagon gani.

Na san za ka ce ai kowa haka yake yi da sauran manhajoji. To akwai bambanci. In ka ɗora gurɓatacciyar manhajar kallon bidiyo, kai kaɗai ka jawo wa kanka. Amma kayan gina manhaja kamar injin markaɗe ne na unguwa: in da datti a cikinsa, duk gidan da ya kawo markaɗe da shi zai koma. Duk manhajar da ka gina da gurɓataccen kayan aiki tana iya fita da cutar, ta shiga wayar mahaifiyarka, da ta abokanka, da ta mai kantin da ya biya ka kuɗi ka yi masa manhajar lissafi.

Wannan ya taɓa faruwa, kuma ga manyan da suka fi ni da kai iya aikin. A shekarar 2015 masu gina manhajar iPhone a ƙasar Sin suna fama da jinkiri wajen sauke Xcode, kayan gina manhajar iPhone, daga wurin Apple, fayil ne mai nauyi. Sai da yawansu suka riƙa ɗaukar kwafin da wani ya ajiye a wani rumbun intanet na cikin gida, don ya fi saurin sauka. Ashe an yi wa kwafin cushe. Duk manhajar da aka haɗa da shi sai ta fito da wani ɓoyayyen sashe da ke tattara bayanan waya yana aikawa waje. A watan Satumbar shekarar abin ya fito fili, aka sa masa suna XcodeGhost, kuma har WeChat, wadda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke amfani da ita, tana cikin waɗanda abin ya shafa. Sai da Apple ya bi App Store yana cire manhajoji. Dalilin da ya kai su shi ne dai dalilinka: intanet ba sauri, ga kwafi a kusa. Garin neman gira aka rasa ido.

Ka tuna kuma abin da ke zaune a kwamfutar mai gina manhaja. Akwai fayil ɗin sa hannu, mai ƙarewa da .jks, wanda da shi ake shaida cewa manhaja taka ce. Akwai kalmomin sirrin GitHub da Gmail da Firebase da burauza ta adana. Yawancinku da wannan kwamfutar kuke shiga banki. Ka kashe Defender, ka ba fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba izinin mai gida, sannan gobe ka rubuto mini cewa an kwashe maka asusu?

Ban ce karɓar fayil a filashi haramun ba ne. Na san Android Studio ya haura gigabayit ɗaya, kuma ba kowa ke da kuɗin wannan ba. Ku haɗu ku biyar, mutum ɗaya ya sauke daga ainihin shafin Google, sauran su kwafa. Abin da nake nema shi ne ku tantance. A shafin saukarwar, kusa da kowane fayil, akwai wata doguwar lamba mai haruffa 64 da ake kira SHA-256. Buɗe tagar umarni ta PowerShell ka rubuta Get-FileHash, ka biyo da sunan fayil ɗin. In lambar da ta fito ta yi daidai da ta shafin, fayil ɗin na Google ne ba a taɓa shi ba. In harafi ɗaya ya saɓa, goge shi. Ka tabbata dai siga ɗaya kake kwatantawa. In wannan ya yi maka nisa, danna fayil ɗin da maɓallin dama, Properties, Digital Signatures, ka ga ko sunan Google LLC ne a wurin. Minti biyu ne, kuma ni kowane fayil sai na yi masa haka, ko daga hannun wa ya fito.

Shi kuwa Defender, abin da Google ya ba da shawara shi ne a keɓe masa wasu foldoji, irin su .gradle da ta SDK da ta aikinka, don kada ya riƙa jinkirta haɗa manhaja. Keɓe folda uku daban, kashe shi ɗungurungum daban.

Yanzu ga abin yi. Goge duk abin da ya zo a filashin. In ka riga ka taɓa kunna shi Defender na kashe, yi cikakken bincike da Microsoft Defender Offline, sannan ka canza kalmomin sirrinka daga waya, ba daga wannan kwamfutar ba. Mai shagon kuma wataƙila bai san abin da yake rabawa ba. Ka gaya masa, don na tabbata ba kai kaɗai ya tura wa ba.

Tambaya: Na buɗe sabon aiki, Gradle, mai haɗa manhajar, ya tsaya yana juyawa har data ta ƙare. Na sake saye, yanzu kuma yana cewa "zip END header not found". (Malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malama, saukarwar ce ta katse a tsakiya, ya bar rabin fayil, kuma kullum wannan rabin yake ƙoƙarin warwarewa. Rufe Android Studio, shiga C:\Users\sunanki\.gradle\wrapper\dists, ki goge foldar sigar da ta lalace, ki sake buɗewa a inda intanet ke da ƙarfi. Haɗawar farko ita ce mai cin data, don a nan yake kwaso Gradle da duk ɗakunan karatun da aikin ya dogara a kai. Ki bar ta sai dare ki yi da datar dare. Bayan ta kammala sau ɗaya, akwai maɓallin Offline Mode a tagar Gradle. Kunna shi ki huta, sai ranar da za ki ƙara sabon abu.

Wani abu da ke rikita masu kwamfutar tokumbo: in kuskuren ya koma maganar certificate ko PKIX, fara duba agogon kwamfutar. Ƙaramin batirin da ke kan allon cikinta in ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya, sai ta ƙi amincewa da kowane shafi. Gyara agogo, canza batiri.

Tambaya: Kwamfutata ram ɗinta 4GB ne. Emuleta, wato wayar gwaji ta cikin kwamfuta, ta ƙi tashi, wani bidiyo ya ce sai na ɗora HAXM, shi ma ya ƙi. (Daga Gombe)

Amsa: Bidiyon ya tsufa. Intel ya daina kula da HAXM, mai ƙara wa emuleta sauri, tun 2023. Yanzu Windows Hypervisor Platform ake kunnawa a Windows Features, bayan an tabbatar Task Manager, a shafin CPU, ya nuna Virtualization a kunne. In a kashe yake, sai BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta: danna F10 a HP, F2 a Dell, ka nemi VT-x ko SVM.

Amma ko ta tashi, me za ka yi da ita? Google na neman 8GB don Android Studio shi kaɗai, 16GB in za a haɗa da emuleta. Da 4GB za ka sha shayi ka wanke kofi kafin tambarin Android ya bayyana. Ga waya a aljihunka. Shiga bayanin waya ka danna Build number sau 7, kunna USB debugging a Developer options, jona ta da kwamfutar, ka amince da saƙon da zai fito a fuskarta, sannan ka rubuta adb devices a tagar umarni. In bai gan ta ba, canza igiya, don da yawa daga na kasuwa caji kawai suke yi. Daga Android 11 ma ana iya yi ta Wi-Fi ba igiya. Ni ko a kwamfuta mai ƙarfi waya nake fifitawa, domin Tecno ko itel ɗin da ke hannunka ita ce irin wadda masu amfani da manhajarka za su riƙe. Kuɗin da za ka tara, ka ƙara ram ka sa SSD.

Tambaya: Yana ce mini "Your project location contains non-ASCII characters". Sunan da na sa wa kwamfutar Ɗan Baba ne. (Daga Katsina)

Amsa: Sunan ne, Ɗan Baba. Ɗ mai lanƙwasa da ratar da ke tsakani duk suna rikita wasu kayan haɗawar, tunda komai a ƙarƙashin C:\Users\Ɗan Baba yake sauka. Kada ka canza sunan foldar da hannu, za ka ɓata Windows. Buɗe sabon mai amfani da suna danbaba, haruffa zalla, ka ɗora komai a can. Ƙ da ɗ da ɓ ka ajiye su don rubutun cikin manhajar, can ba su da matsala.

Tambaya: Na sabunta Android Studio, tsohon aikina ya fara cewa "Unsupported class file major version 65". (Daga Kumasi)

Amsa: 65 na nufin Java 21, Gradle ɗin aikinka kuma ya girme shi. Ko dai ka ɗaga shi zuwa 8.5 ko sama a gradle-wrapper.properties, wanda zai iya jawo ɗaga Android Gradle Plugin ma, ko ka shiga Settings, Gradle JDK, ka zaɓi 17. Na biyun ya fi sauri. In aikin Flutter ne, flutter config --jdk-dir zai nuna masa inda 17 ɗin yake. Kuma daina sabunta kaya ana saura kwana biyu ka miƙa aiki.

Tambaya: Ina zan samu Xcode na Windows? (Daga Yamai)

Amsa: Babu shi, kuma duk shafin da ya ce yana da shi, koma ka karanta amsa ta biyu. Xcode a Mac kaɗai yake aiki. Za ka iya rubuta manhajar da Flutter a Windows, amma haɗa ta iPhone sai Mac, naka ko na aro ko na haya a intanet irin na Codemagic. Apple na karɓar dala 99 duk shekara kafin ka sa manhaja a kantinsa, Google Play dala 25 sau ɗaya. Fara da Android.