Tambayi Mai Injin: Teburin juyi ya ci tsatsa ya ƙi motsi, in kai shi a gasa?

TAMBAYA: Salam Oga, barka da aiki. Ina da ɗan shagon fiƙe ƙarfe a Muchiya, Sabon Garin Zariya. Satin da ya wuce na tsinci teburin juyi na injin milin a wajen 'yan gwangwan, wanda turawa ke kira rotary table, wato faifan da ake ɗaure aiki a kai ana juya shi da hannu dan yanka ko huda a zagaye, inci 8 ne, kilo aka auna min shi na biya kuɗin ƙarfe kawai. Matsalar ita ce ya yi tsatsa jawur, hannun baya juyawa, faifan ma ko gezau. Na zuba baƙin mai kwana biyu shiru, yarona ya ce mu zura bututu a hannun mu danna da ƙarfi, maƙwabcina mai walda kuma ya ce in kawo ya gasa shi da wuta. Wanne zan bi? Daga mai karatunku a Muchiya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka bi ko ɗaya, kuma dan Allah ka ɓoye bututun nan inda yaron ba zai gan shi ba.

Bari in gaya maka abin da ke cikin cikinsa tukuna. Wannan hannun da kake son dannawa yana jone da wani sandan ƙarfe mai zare kamar na noti, shi ne wom, shi kuma yana cizon haƙoran wata giya da ke manne a ƙarƙashin faifan. Duk darajar teburin nan a haƙoran nan take. Ka sa bututu ka danna alhali faifan na maƙale, to haƙori ɗaya ko biyu za su tafi, kuma ba kaya ba ne da za ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ce a ba ka sabo, sai dai a yanka maka wata, kuɗin yankan kuwa ya fi abin da ka sayi teburin nesa ba kusa ba. Gashi da wutar walda kuma yana karkatar da ƙarfen kas, wato ƙarfen zubi da aka yi jikin teburin da shi, wani lokaci ya tsage shi, ya kuma kashe taurin wom ɗin. Abin da aka ƙera ya auna digiri har da ɓurɓushinsa ba ƙafar tirela ba ce.

Ni a abin da na gani, sau da yawa ba tsatsar da kake gani a sama ba ce ta riƙe shi. Tsohon giris ne ya haɗu da ƙurar hunturu da garin ƙarfe ya daskare kamar ƙanzo, ko kuma makullan faifan ne a ɗaure. Eh, akwai 'yan maƙalai guda biyu a gefe da ke danne faifan lokacin yanka, ka fara duba su, na taɓa shafe yini guda ina fama da wani tebur ina zagin wanda ya ƙera shi ashe ɗaya daga cikinsu ne a ɗaure ƙarƙashin datti, ban gaya wa kowa ba sai yau.

To ga yadda zan yi in ni ne. Ka wanke shi da gas ko kananzir da buroshi har ka ga kowane noti, domin akwai ƙananan sukurori na alanki da ke ɓuya cikin fenti da dauɗa. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, kuma duk abin da ka cire ka sake ɗauka. Baƙin mai ya yi kauri ba zai ratsa ba, ka samu man giyar mota otomatik ka haɗa da asiton, sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi, rabi da rabi, ka girgiza, ka ɗiga a duk wata mahaɗa da ramukan zuba mai safe da yamma. Ko ka nutsa shi gaba ɗaya cikin robar gas sati guda. Da rana ka fito da shi ya sha zafin rana, dare ya huce, wannan buɗewa da tsukewar da ƙarfe ke yi tana jan man ciki, kuma iyakar zafin da nake yarda da shi kenan. Amma ka kula, asiton na kama wuta da wuri, ka nesanta shi da tartsatsin maƙwabcinka.

Sai babban abu: ka raba wom da giya kafin ka gwada juya faifan. Mafi yawan teburan nan wom ɗin yana zaune ne cikin wani kwaroro wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, in ka sassauta makullinsa ka murɗa kwaroron sai wom ya ja baya ya saki haƙora. In kwaroron ma ya maƙale, cire hannun da zoben lambobi, ka ci gaba da jiƙa shi har ya yarda. In ka ci karo da fil mai tsini gefe ɗaya, ta ƙaramin bakin ake bugo shi, ka auna bakunan biyu tukuna dan in ka buga ta babban ƙara cusa shi kake yi.

Bayan nan ka kifa teburin, akwai noti ko faranti a ƙasa da ke riƙe faifan, wani da boris wani babu. Ka kwance, ka lura da yadda washa-washan suke a jere. Sannan ka ɗora katako a gindin sandan tsakiya ka riƙa bugu a hankali, kana zagayawa kana ɗiga mai. Guduma kar ta taɓa kas kai tsaye. Kar kuma ka cusa sukundireba tsakanin faifai da gindi kana ɓanɓara, nan ne fuskar da faifan ke zamewa a kai, duk tabon da ka yi a nan zai fito a aikinka.

Maganar cire tsatsa, giranda haramun ce a nan, samfefa mai kaushi ma haka. Saman faifan ka goge da soson ƙarfe mai laushi da kananzir, sannan ka bi da dutsen washi mai santsi a kwance dan ya ɗauke 'yan ƙuraje. Ramukan da tsatsa ta ci ka bar su, ba su hana aiki zama daidai, kyau ne kawai babu. Gefen da aka zana digiri 360 kuwa kamar ido za ka bi da shi, in lambobin suka goge teburin ya zama murfin tukunya.

In tsatsar ta yi yawa a gindin akwai hanyar ruwa da cajar batir. Robar ruwa, sodar wanki kamar babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, baƙar waya a jikin kayan, jar waya a jikin wani ƙarfen banza da ka tsoma, kar su taɓa juna, ka bar shi ya kwana in an bar muku wuta. Ba sodar yin sabulu nake nufi ba, wannan tana cin hannu. Wani zai ce kanwa fa, to tana da irin sinadarin amma da gishiri da yashi a ciki, ni ba na sa ta. Ƙarfen banzan nan kar ya zama na silba mara tsatsa, ruwan na zama guba, kuma a waje za ka yi saboda iskar da ke tashi tana kamawa da wuta. Wom da boris da duk abin tagulla kar su shiga. Kana fito da shi ka wanke ka busar ka shafa mai nan take, barin ma da damina, in ba haka ba kafin ka sha shayi ya sake yin ja.

Wajen haɗawa, mai mara kauri a fuskar zamewa da ramin tsakiya. In giyar tagulla ce ka guji man giya mai warin ƙibiritu irin na difarenshal, wasunsu na cin tagulla. Ka matso da wom har lilon hannun ya ragu amma kar ya cije, ka zagaya da faifan gaba ɗaya ka ji ko akwai inda yake tauri, tsohon tebur ya fi cinyewa a wuri ɗaya, sai ka saita da wurin da ya fi matsewa.

Ka ƙirga juyin hannu. Yawancin masu wannan girman 90 ne suke kai faifan zagaye ɗaya, wato kowane juyi digiri 4, wasu kuma 72 ne, digiri 5. In naka 90 ne, huda 6 a zagayen filanji, wato farantin ƙarfe mai ramukan noti, juyi 15 ne tsakani, huda 5 juyi 18. Kullum ta gefe ɗaya za ka riƙa zuwa lamba, in ka zarce ka koma baya sosai ka sake tahowa.

In ka buɗe ka turo min hoton haƙoran giyar, daga nan zan gaya maka ko ya cancanci ka sayo masa fenti.