Tambayi Likita: Ashe da mutum-mutumin roba ake jarraba likitocin gaggawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana likita ne, yana neman ƙwarewa a sashen agajin gaggawa. Ran nan ya dawo ransa a ɓace, wai bai taɓuka abin kirki ba a jarrabawa. Da na matsa masa sai ya ce mutum-mutumin roba ne ya mace a hannunsa. Shekara shida a jami'a, ga wahalar asibiti, a ce roba ce za ta yanke masa hukunci? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Na sha zama cikin masu ba da maki a irin wannan jarrabawa, bari in kai ki cikin ɗakin.

Ana shigo da likita, a ce masa ga dattijo ya yanke jiki ya faɗi, babu numfashi. A kan gado mutum-mutumin ne kwance, an haɗa shi da kwamfuta, ga nas biyu suna jiran umarni, mu kuma muna gefe da takarda da agogo. Ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce: a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, bayan danni 30 a hura iska sau 2. Duk minti biyu a canza mai dannawa, domin hannu yana gajiya ba tare da mai shi ya ankara ba. In za a dakata, kada ya wuce daƙiƙa 10. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in jini ya daina isa gare ta.

Duk wannan ɗanki ya haddace shi, na tabbata. Amma Hajiya, sani a ka daban, sani a hannu daban. Na ga wata haziƙar likita da ta fi kowa maki a rubuce, ta tsaya tana kallon allon bugun zuciya kusan rabin minti, babu mai danna ƙirji, nas na riƙe da allurar adiranalin, mai taimakawa wajen farfaɗo da zuciya, tana jiran a ce mata ta yi. Ba jahilci ba ne, bakinta ne ya mutu don firgici. Abin da ya fi kayar da likitocin ke nan: rashin buɗe baki a ce "ke danna, kai kawo na'urar lantarki ta farfaɗo da zuciya, kowa ya janye hannu". Takarda ba ta nuna mana wannan. Kuma wallahi gara mu gano shi a kan roba da mu gano shi a kan mahaifin wani da tsakar dare.

Abin ba sabo ba ne. Wani mai ƙera kayan wasan yara a Norway, Asmund Laerdal, shi ya fito da mutum-mutumin koyon ceton rai mai suna Resusci Anne a 1960. Tsarin irin wannan jarrabawar ta gwajin aiki da muke kira Oski (OSCE) kuwa, Ronald Harden da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee suka bayyana shi a 1975, don kowane ɗalibi ya fuskanci matsala iri ɗaya da ma'auni ɗaya. Ko ungozomominmu da 'yar tsanar jariri ake koya musu farfaɗo da jinjirin da bai yi kuka ba.

Gaskiya roba ba ta gumi, ba ta da dangi masu kururuwa a bakin ƙofa, shi ya sa muke haɗawa da rahoton manyan da ke kula da likitan a bakin aiki.

Ki ce wa ɗanki ya koma wurin masu ba da makin ya tambayi daidai inda ya yi tuntuɓe. Sannan ya samu abokai uku su riƙa maimaitawa duk mako, ɗaya na riƙe da agogo, shi kuma yana faɗin kowane umarni da ƙarfi yana kiran sunan wanda zai yi.